Raɓar Dare da Kujerar Babur



Sharhin yau ya shafi babur ɗin da ke kwana a waje, da kuma ruwan da mai shi kan tarar a kan kujerarsa da asuba alhali ba a yi ko yayyafi ba. Duk wanda ke da ƙaramin babur mai faffaɗar kujera da wurin ajiye ƙafa a gaba, irin Besfa ta da, wadda kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a shekarar 1946, ko 'yan roba-roba na yanzu da danginsu, ya san wannan damuwa idan ba shi da zaure ko rumfar da zai shigar da abin hawansa. Malamin makaranta ya fito da farin kaftani, ma'aikaciyar asibiti ta fito da kayan aiki, ɗalibi na saurin kama darasin farko, sai a tarar da kujera sharkaf. Wanda ya zauna bai duba ba zai isa wurin aiki da tambarin ruwa a bayan riga, kuma idan ƙura ta riga ta kwanta a kan kujerar, tambarin na laka ne, wanda sai an kai ga wanki.

Wasu za su ga abin bai taka kara ya karya ba, amma ya cancanci a tsaya a kansa, domin babur jari ne a gidaje da yawa, kuma ruwan da ake rainawa a kan kujera shi ne ke ruɓar da ita a hankali har a kai ga kashe kuɗi. Abin da sharhin ke son mai sauraro ya riƙe guda ɗaya ne. Kujerar da ke kallon sararin sama ita ce ke jiƙewa. Wadda aka raba da sararin sama, ko da da kwali ne, tana kwana a bushe ko kusa da haka.

Sai a fara da asalin ruwan. Raɓa ba zubowa take yi daga sama kamar yayyafi ba, ko da yake mutane da yawa, a nan da sauran sassan duniya, sun daɗe suna ɗaukarta haka. Iskar da ake shaƙa kullum tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani, wanda masana ke kira tururin ruwa, kuma yawansa a cikin iska shi ake nufi idan an ce gari ya yi laima. Iska mai ɗumi tana iya riƙe tururi mai yawa, mai sanyi kuwa kaɗan take iyawa. Iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, idan zafinta ya kai digiri 30 a ma'aunin Salsiyos, tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30, amma idan ta sauko zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa giram 17 ne ko kusa da haka. Saboda haka duk iskar da ake ta sanyayawa, akwai matakin da za ta kai ta ƙoshi, ta kasa riƙe abin da ke cikinta, ta fara sauke shi a kan abin da ta taɓa. Wannan mataki shi masana yanayi ke kira matakin raɓa. Mai sauraro ya sha ganin haka a jikin gorar ruwan sanyi da aka ciro daga firji, wadda kan yi gumi nan da nan alhali ba ta huje ba. Ruwan na iskar ɗakin ne, sanyin gorar ne ya sauke shi.

To, me ke sanyaya kujerar babur har ta fi iskar da ke kewaye da ita sanyi? A nan ne sararin sama ya shigo maganar. Kowane abu da ke doron ƙasa yana fitar da zafin jikinsa ta hanyar wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infared. Da rana, zafin da ke sauka ya fi wanda ke fita, shi ya sa kujerar da aka bari a rana ba ta zaunuwa. Da dare kuwa fita kawai ake yi. Idan akwai gajimare, yakan tare zafin ya maido da wani kaso ƙasa, haka ma rufin kwano ko inuwar bishiya ko bangon gida. Amma idan sama ta yi garau, taurari suna ƙyalli, babu abin da ya tsaya tsakanin kujera da sama, to zafin da ya fita ya tafi ke nan, kuma kujerar za ta yi ta sanyi har ta sauka ƙasa da matakin raɓa, iskar da ke shafar ta ta fara ajiye mata ɗigo bayan ɗigo. Tun da sanyin dare ya fi tsanani daf da fitowar rana, mai fita bayan sallar asuba shi ke cin karo da raɓa a lokacin da ta fi yawa.

Wanda ya tabbatar da wannan bayani da gwaji wani likita ne mai suna William Charles Wells, haifaffen Amurka da ya yi aiki a birnin Landan, wanda ya wallafa littafinsa a kan raɓa a shekarar 1814, har Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Ingila ta ba shi lambar yabo ta Rumford saboda aikin. Gwajin nasa mai sauƙi ne ƙwarai. Yakan auna nauyin ulu, wato gashin tumaki, ya ajiye wani a fili, wani kuma a ƙarƙashin katako ko kwalin da aka lanƙwasa kamar rufin ɗaki, sa'an nan ya sake aunawa da safe. Ya tarar ulun da ke fili ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba, ko da yake iska ɗaya ce ke ratsa su duka biyun, kuma ma'aunin zafi ya nuna masa cewa abin da raɓa za ta kwanta a kansa yakan riga ya fi iska sanyi. Fiye da shekara 200 ke nan, kuma har yau maganin mai babur bai wuce wannan kwalin ba.

Mai sauraro na iya tambaya, me ya sa kujera ta fi sauran jikin babur jiƙewa? Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. A sama akwai leda, wato fatar roba siririya, a ƙarƙashinta kuma soso mai kauri, wanda ba ya barin zafi ya ratsa shi. Ledar tana shimfiɗe, fuskarta gaba ɗaya na kallon sama, ba ta da kaurin da za ta ajiye zafi mai yawa, kuma soson ya hana ɗumin inji da na ƙasa su iso gare ta daga ƙarƙashi. Inji ƙarfe ne mai nauyi, yakan daɗe bai huce ba, gefen babur kuma rabinsa bango yake kallo ko ƙasa. Ita kuwa ledar kujera ba ta da mai agaza mata. Launinta ma ba shi da wani tasiri da dare, domin baƙar leda da fara kusan daidai suke fitar da zafi, bambancinsu sai da rana.

Lokacin shekara shi ma yana da nasa hannun. A ƙasar Hausa raɓa ta fi ƙarfi a ƙarshen damina zuwa farkon kaka, wajen watannin Satumba da Oktoba, lokacin da ƙasa ke jiƙe, iska na cike da laima, amma hadari ya fara janyewa, dare yana yin garau. Manoma sun san wannan lokaci sarai, su da ke cewa raɓa ce ke ƙarasa wake da dawar da ta makara. A tsakiyar marka gajimare kan rufe sama, ruwan da ake tararwa a kujera galibi na sama ne. Da hunturu ya kankama a wurare irin su Kano da Katsina da Damagaram, iska takan bushe ƙayau, sanyi ya yi yawa amma tururin da za a sauke ya yi kaɗan, sai dai a bakin fadama ko kogi ko lambu. Daren da iska ke kaɗawa da ƙarfi shi ma raɓa ba ta cika kwanciya ba, domin iskar takan yi ta kawo ɗumi ga kujerar. Saboda haka mai babur na iya ɗaga kai bayan isha'i ya san abin da zai tarar da safe. Idan sama ta washe, gari ya yi tsit, ga laima, to raɓa na tafe.

Yanzu sai a juya ga magani, kuma na farko shi ne wurin ajiya. Rumfa kowace iri ta wadatar, ta kwano ce ko ta zana ko ta buhu, ko da babu bango ta kowace fuska, domin aikinta tare sama ne kawai. Wanda ba shi da rumfa ya matsa da babur ƙarƙashin bakin rufin ɗaki, ko ya jingina shi kusa da bango, musamman bangon da ya sha ranar yamma, domin bango yana rufe rabin sama kuma yana sakin ɗuminsa a hankali cikin dare. Ƙarƙashin bishiya mai duhun ganye, kamar darbejiya ko mangwaro, shi ma yana aiki, sai dai a nan akwai kashin tsuntsaye da na jemage, wanda ke cin fenti idan ya kwana biyu ba a wanke ba, ga kuma haɗarin reshe a daren iska.

Abin da ke ƙarƙashin tayoyi ma abin dubawa ne. Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna John Aitken ya nuna a shekarar 1885 cewa kaso mai yawa na ruwan raɓa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa yake tasowa cikin dare. Babur ɗin da aka kafe a kan ciyawa, ko kusa da kwata, ko inda aka zubar da ruwan wanke-wanke da yamma, yana kwana ne a cikin iska mafi laima a gidan. Daɓen siminti ko busasshiyar ƙasa mai ɗan tudu sun fi. Kuma kafe babur a ƙafar gefe, yadda zai ɗan karkata, yana sa ɗigon ya gangara maimakon ya taru a kwarin kujera inda ɗinki yake.

Idan wuri ya gagara, sai mayafi. A nan ma mutane da yawa suna kuskure, domin sun ɗauka duk abin da ruwa ba ya ratsawa shi ne mafi kyau, sai su naɗe babur da babbar leda ko tamfol har ƙasa, su ɗaure tam. Irin wannan rufi yana tsare laimar da ke tasowa daga ƙasa a cikinsa, ledar ta yi sanyi tun da ita ce yanzu ke kallon sama, tururin ya kwanta a fuskarta ta ciki, ya ɗiga a kan kujera da ƙarafa. Da safe a yaye a tarar da abin da ake gudu, har da ƙarin tsatsa idan aka daɗe ana yi. Mayafin da ya dace shi ne wanda iska ke iya ratsawa ko zagayawa: a bar rata a ƙasa, kuma in da hali a sa wani abu ya ɗan ɗaga shi daga jikin kujera. Mayafan babur da ake sayarwa, masu kyau daga cikinsu suna da 'yan kafofin shan iska saboda wannan dalili. Wanda ba shi da kuɗin sayen su kada ya damu, domin kwalin taliya da aka buɗe aka kifa a kan kujera, ko tsohuwar tabarma, ko buhun algarara da aka ninka, duk suna yin aikin, in dai an danne su da igiya ko robar taya kada iska ta kwashe. Da safe a shanya su, domin mayafin da aka mayar a jiƙe ya zama sabuwar matsala.

Akwai gargaɗi biyu a kan mayafi. Kada a rufe babur yana dawowa daga tafiya, a bari salansa ta huce tukuna, domin tana narkar da leda ta manne a jikinta, wani lokaci ma ta ta da wuta. Kuma kada a rufe babur mai ƙura da mayafin da ke kaɗawa, domin iska za ta yi ta goga yashin a kan fenti har ya dusashe.

Jama'a masu sauraro, ranar da aka manta, ko dare ya yaudari mutum, tsumma ne abin yi. Tsohon tawul ko yankin atamfa mai shan ruwa ya isa. A goge daf da lokacin hawa, domin kujerar da aka goge tun kiran sallar farko aka bari a fili za ta sake jiƙewa kafin a fito daga masallaci. A haɗa da madubai da gilashin fitila da hannuwan kan babur, sa'an nan a farkon tafiya a ɗan taɓa birki sau biyu ko uku a hankali, domin birkin da ya kwana da laima ba ya kamawa yadda aka saba a karon farko.

Abin da ba za a shafa wa kujera ba ya fi wanda za a shafa muhimmanci. Wasu sukan goga mata man inji ko basilin ko man ƙyalli don ruwa ya riƙa zamewa, kuma lalle ruwan yana zamewa, amma mahayi ma zamewa yake yi. Kujera mai santsi tana jefa mutum gaba idan ya taka birki ba shiri, wanda aka goya a baya kuma, yaro ne ko mace mai zaman gefe ɗaya, shi ya fi shiga haɗari. Wannan ciniki ne na asara, a sayi bushewar riga da karaya. Fetur da kananzir su ma ba na wanke kujera ba ne, domin suna zuƙe sinadarin da ke sa leda laushi, ta bushe ta fara tsagewa. Ruwa da ɗan sabulu sun wadatar.

Tsagewar nan ita ce ta kawo sharhin ga babbar cutar, wadda mutane ke ɗora wa raɓa laifinta ita kaɗai. Akwai jiƙewa iri biyu. Akwai ta sama, wadda tsumma ke ɗaukewa cikin minti ɗaya, akwai kuma ta ciki, wadda mutum zai goge kujera ta bushe ƙayau, ya zauna, ya yi tafiya, ya sauka ya tarar wandonsa a jiƙe. Wannan alama ce cewa ruwa ya shiga soso. Hanyar shigarsa ita ce kafofin allura a layin ɗinki, da 'yan tsagogin da zafin rana ya yi wa ledar, don haka ranar da ke dukan kujera da azahar ita ce ke buɗe wa raɓar dare ƙofa. Soso kuwa da ya sha ruwa ba ya sakinsa da wuri, tun da leda ta lulluɓe shi, sai nauyin mahayi ya matse shi ya fito ta inda ya shiga. In aka bar shi haka, zai yi fumfuna da wari, ya fara marmashewa, ƙananan ƙusoshin da suka riƙe ledar a ƙarƙashi su yi tsatsa su saki, kujera ta lotsa ta fara sa ciwon baya.

Gane shi ba wuya. A danna babban yatsa da ƙarfi kusa da layin ɗinki bayan an goge, in ruwa ya tsattsafo, to soso ya sha. Salatif ɗin da ake liƙawa a kan tsaga na kwana biyu ne kawai, kuma liƙa shi a kan jiƙaƙƙen soso kulle ruwan ne a ciki. Abin da ya dace shi ne a kai wa mai ɗinkin kujerun mota da babur, ya cire ledar, a shanya soson inda iska ke kaɗawa har ya bushe sarai, abin da kan ɗauki yini guda ko fiye, ba a bakin wuta ba, domin soso abu ne mai saurin kamawa. Kafin ya mayar da sabuwar leda, a roƙe shi ya shimfiɗa siririyar ledar kunshi a kan soson, yadda ko ruwa ya bi ta ɗinki ba zai samu wurin shiga ba. Ƙwararru daga cikinsu suna yin haka ba a ce musu ba, kuma kuɗinsa bai kai na sabon soso ba ko kusa.

Ƙaramin babur irin wanda ake magana a kai yana da wani abu da manyan ba su da shi, wato akwatin da ke ƙarƙashin kujera, inda ake ajiye hular kwano da takardun babur. Nan ne mutane kan cusa tsumman bayan sun goge, su rufe, rana ta dafa shi, laima ta cika akwatin, takardu su yi taushi su manne, hular kwano ta ɗauki wari. Gara a ɗaure tsumman a bayan babur ya bushe a hanya, takardu kuma su zauna cikin leda mai zik. A yawancin irin waɗannan babura murfin tankin mai ma yana ƙarƙashin kujerar ne ko kusa da ita, kuma tankin da ya daɗe kusan babu komai a ciki iska ce mai laima ke cika shi, ta sauke ruwanta a jikin ƙarfen idan dare ya yi sanyi. Kaɗan ne a dare ɗaya, amma babur ɗin da zai yi makonni a ajiye ya fi kyau a bar shi da mai a tanki.

Daga ƙarshe akwai masu cewa a shigar da shi ɗaki a huta, a tsira daga raɓa da ɓarawo gaba ɗaya. Zaure ko shago mai shan iska ba laifi. Ɗakin kwana kuwa bai dace ba ko kaɗan, domin fetur yana fitar da tururi mai kama wuta, kuma a ɗakin da ake kunna maganin sauro na wuta ko risho ko kaskon jin ɗumi, wannan haɗari ne ga rayukan masu barci. Haka nan tayar da inji a rufaffen wuri don ya yi ɗumi yana cika ɗakin da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke hallaka iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida. A turo shi waje tukuna a tayar.

Jama'a masu sauraro, a daren yau kafin ku rufe ƙofa, ku ɗaga kai ku dubi sama, in ta washe ku kifa wa kujerar kwali ko ku matsa da babur ɗin jikin bango. Gobe da safe kuma ku danna yatsa a bakin ɗinkin, in ya tsattsafo da ruwa, kada makon nan ya wuce ba ku kai ta wurin mai ɗinki ba. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.